Maya da Mayya

Mairo mace ce mai baki. Ba bakin faɗa ba, bakin ban dariya. In anka zauna shan jabana, gahawar da mata ke taruwa su sha, a ƙauyensu Hillat Barmo can ƙasar Sudan, ba ta zo ba, sai ka ji mata na cewa gahawar yau ba suga. Ita ma ta san haka, kuma tana jin daɗin abin fiye da yadda ya kamata. To bakin nan shi ya jawo mata abin da har yau in ta tuna sai ta ja tobinta, mayafin nan nasu, ta rufe fuska, ko da ita kaɗai ce cikin ɗaki.

Su uku ne ƙawaye tun suna 'yan mata masu tsinkar auduga a hawasha, gonakin ban-ruwa: ita, da Hafsa, da Ruƙayya. Hafsa ta aurar da ɗiyarta Aminat can Dindir, ga wani yaro Salih da ke aikin tsaron gandun daji. Duk zuwan da zai yi sai ya ce, "Ku zo mana in nuna muku ɓauna, kun tsufa ba ku san komi ba sai jaki da akuya." Da Aminat ta haihu, watan sanyi, shekarar da ta gabaci yaƙi, sai ga Malam Mato mijin Hafsa zai kai albasa Dindir da boksinsa, motar a-kori-kura. Hafsa ta ce ga mota ga dalili, kowa ta ɗaure kayanta.

Ruƙayya ta so ta ƙi. Mijinta ya rasu da daɗewa, abin da take ci da shi godo-godo ne, furar gero da nono, tana sayarwa gindin dalbejiyar bakin hanya. Kwana biyar ba ciniki ba wasa ba ne. Mairo ce ta je har gida ta tasa ta gaba.

"Kausar ba ta da hannu? Ɗiyarki ta fi ki iya damu, kowa ya sani, kunyarki ake ji. Tashi, yakhti, 'yar'uwata. In kin mutu anka tambaye ki mi kinka gani cikin duniyar Allah, ki ce ƙwarya?"

Ruƙayya ta yi dariya, ta yarda.

Akwai magana guda da ya kamata ku sani tun yanzu. Kakar Ruƙayya ta wajen uwa, zamanin da anka kafa hillar, an taɓa yi mata sharrin maita. Wani yaro ya kwanta ciwo yana sambatu, ya ambaci sunanta, anka jawo tsohuwa gaban jama'a anka sa ta tsallake shi. Yaron ya mutu duk da haka. Tsohuwar ta mutu, ɗiyarta ta mutu, maganar ba ta mutu ba, don mutane na cewa a nono ake shan abin. Ba mai faɗa a fili. Liman ya sha yin huɗuba a kan ƙazafi. Ruƙayya kuwa shekara ashirin tana dama fura da hannunta tana ba mutane, sannu a hankali har anka saba, har waɗanda iyayensu ke hana su bin ƙofar gidan sunka zama masu kawo kwano. Sunan da ta gyara ke nan, ludayi bayan ludayi.

Sunka tashi bayan sallar asuba. Mato da Hafsa gaba, Mairo da Ruƙayya kujerar baya, albasa a buɗaɗɗen bayan mota. Tun kafin su hau kwalta a Hajj Abdalla motar ta fara tari.

Hafsa ta ce, "Malam, wagga mota ta kai mu kuwa?"

"Ta kai buhu ashirin na albasa," in ji Mato. "Buhu ukun nan masu magana su nike wa tsoro."

"Huɗu dai," in ji Mairo. "Matarka buhu biyu ce ita kaɗai, sai ka sake lissafi."

Haka anka tafi. A Sinnar sunka sha shayi da zalabiya, ƙosan fulawa mai zaƙi. A Mai Wurno Mato ya tsaya ya sayo agashe cikin takarda, ya ce duk Sudan ba inda ake gasa nama kamar nan, Hafsa ta ce don dangin uwarsa ne ke gasawa. Sunka haye gada a Singa, Ruƙayya ta riƙe hannun Mairo tana salati har sunka sauka wancan gefe. Ba ta taɓa wuce Sinnar ba. Duk abin da ta gani sai ta taɓo Mairo: gonar ayaba, garken raƙuma, wata mata bisa jaki da laima.

Sunka kwana Dindir, sunka ga jinjiri, sunka sa albarka. Washegari anka sauke albasa, Salih ya shiga bayan mota da bindigarsa, anka kama hanyar daji. Ba kwalta. Baƙar ƙasa ce da ta tsattsage, mota na tsalle kamar ɗan akuya. Wuni guda sunka yi, sai gab da magariba sunka isa masaukin masu tsaron gandun. Suna sauke tabarmi Salih ya ce,

"Ku huta. Gobe da sassafe in kai ku maya."

Mairo ta miƙe da tabarma a hannu. "Ka kai mu ga wa?"

"Maya, Hala Mairo," ya ce, don Hala yaran can ke kiran inna. "Haka ake ce mata nan. In damina ta wuce kogi ya janye, ruwan da ya kwanta cikin kwari shi ne maya. Nan duk dabbobi ke zuwa sha."

"Sajami, na shiga uku! Mun baro gida lafiya, surukin Hafsa zai miƙa mu ga mayya!"

Salih ya yi dariya, shi yaron Dindir ne, bai san komi ba. Hafsa ma ta fara, sai ta haɗiye, ta ɗan taka ƙafar Mairo. Ruƙayya ta duƙa tana kwance ƙullin kayanta, ƙullin da ba shi da wuyar kwancewa. Mairo ta gan ta. Kada wani ya ce ba ta gani ba. Ta dai ce a ranta, wasa ne, kuma ai ba da ita nike ba.

Da safe sunka fita, sanyi na cizo. Zabi sun cika hanya, sai Mato ya rage gudu suna watsewa. Gaduna na gudu da wutsiya a tsaye. Sunka ratsa cikin goruba, ciyawa ta fi mota tsawo, sai Ruƙayya ta daki kafaɗar Mairo.

"Ga ta can! Wallahi ga ruwan can!"

Ita ta fara hangowa. Fili ne shimfiɗe, kore shar, daji duk ya bushe amma nan kamar damina ta manta zanenta. Ruwa na ƙyalli a tsakiya. Ɓauna sun fi ɗari, baƙaƙe, sun tsaya cikin taɓo fararen tsuntsaye na hawa bayansu. Ga gwambaza, ga 'yan barewa na sha suna ɗaga kai, ga kada kwance baki buɗe kamar mai jiran sadaka. Salih ya ce su sauko amma kada su yi nisa da mota.

Ruƙayya ta tsaya ta dafe ƙirji. "Subhanallahi. Ashe duk safiyar da nike damu, waɗannan suna nan suna shan ruwa." Ta juyo, idonta ya kawo ruwa. "Allah shi saka miki, Mairo. Da ba ki ja ni ba da ban zo ba."

To a nan ne Shaiɗan ya sami Mairo. Matan hillar na da gurub a waya, inda ake sanar da suna da rasuwa da ranar zuwan ruwan tur'a mai shayar da gonaki. Mairo ba ta iya rubutu sosai ba, murya take aikawa, kuma an saba muryarta ita ce abin dariyar gurub. Ta ciro waya, hannu guda riƙe da ledar zalabiya, ta danna, ta ƙanƙance murya kamar mai tsegumi:

"Jama'a, ku saurara. Yau na ga mayya da idona, ƙiri-ƙiri da rana. Ruƙayya ce..."

Abin da za ta ce, Ruƙayya ce ta fara hango ta, ga ɓauna ga kada, ashe ruwa ake kira haka. Ba ta kai nan ba. Wani ƙaton gwaggon biri ya diro daga kan mota ya fizge ledar zalabiya. Mairo ta kurma ihu, waya ta faɗi cikin ciyawa, takalminta guda ya yi gabas. Biri ya hau reshe ya zauna yana ci yana kallonta. Mato ya yi dariya har ya riƙe motar, Hafsa ta zauna ƙasa, Salih na cewa, "Ma'alesh, haƙuri, Hala, kuɗin shiga ya karɓa." Da anka tsinto wayar ta share ta da bakin tobi ta jefa jaka. Ba shabaka a dajin, wato sabis ɗin waya, ba abin da ke fita. Ta manta da zancen sam.

Sunka ƙara kwana, sunka juyo tun kafin asuba. Da azahar sunka shigo Dindir. Mairo ta sa waya caji gidan Aminat ta shiga madafa taya aiki. Waya ta sami shabaka, ta yi aikinta ita kaɗai.

Sai washegari, sun hau hanya, Mato ya loda buhunan gawayi a baya, sannan ta duba. Saƙo ya fi sittin. Ta yi murmushi, ta ce an yi kewarta. Ta kara a kunne.

Muryarta ta fara ji. Gajera. Ta ƙare a kan sunan Ruƙayya, sai wani ihu, sai shiru.

Na biye Sabah ce, maƙwabciyarta mai riƙe da gurub ɗin. "Innalillahi! Mairo, kina lafiya? Ihun mi kinka yi? Yi magana!" Wata ta ce ita dama ba ta taɓa sakin jiki ba. Wata ta ce in Mairo ta faɗa to an gama, wa ya kai ta sanin matar. Wata ta tuno ɗanta ya yi zazzaɓi bara bayan ya sha fura. Can sai muryar Iya, uwar mijin Mairo, an kara mata wayar Sabah: "Mairo, ki riƙe Falaƙi da Nasi. Kada ki ci komi daga hannunta har ki iso."

Daidai nan Ruƙayya ta miƙo mata tafin hannu cike da gyaɗa soyayya, ta ɓare ta hure mata. "Ungo. Mi sunka ce? Sun ji labarin birinki?"

Hannun Mairo ya ƙi tashi. Ba tsoro ba ne, Allah shi ne shaida, jikinta ne ya mutu. Amma hannun Ruƙayya ya daɗe a miƙe kafin ta karɓa. Ta zuba gyaɗar a baki, ta yi ta tauna.

"Gaisuwa ce," ta ce. "Suna gaishe ku."

Ruƙayya ƙaramar waya gare ta mai maɓalli, ba ta cikin gurub. Wayar Hafsa kuwa ta faɗa bokiti tun a daji, tana cikin shinkafa ana jiran ta farfaɗo. Duk motar Mairo kaɗai ta sani.

Ta lallaɓa ta goge saƙon. Ta ji ɗan sanyi. Kafin su yi nisa waya ta sake motsi. Sabah ce: "Kun gani? Ta goge! An tsorata ta. Ni dai na adana nawa."

Abin da ya dace ta sani. Ta juya ta ce, Ruƙayya ga abin da na yi, sannan ta danna waya ta yi wa mata bayani. Amma yaya za ta yi bayani Ruƙayya na jingine da kafaɗarta? Ta ce bari a kai Singa. A Singa anka tsaya shan mai, ta zaga bayan mota, ta danna, ta ce "Jama'a," sai ga Hafsa na tambayar ko ta ga butar alwala. Ta ce bari a kai Mai Wurno. Tsakanin Singa da Mai Wurno ba ta ce uffan ba, har Mato ya leƙo ta madubi ya ce ko birin ya haɗa da harshenta ya tafi.

A Mai Wurno sunka tsaya sallar azahar. Matan na alwala gefen masallaci, wayar Ruƙayya ta yi ƙara. Irin wayar nan ce da ko an kara a kunne na kusa na ji. Kausar ce, tana kuka.

"Umma, ƙwarya biyu na dama, ko ludayi ba a saya ba. Jiya da yamma ma haka. Matar mai shago ta fizge ɗanta daga gabana har ya faɗi. Sun ce Hala Mairo ta aiko daga daji, wai ta gan ki da idonta..."

Ruƙayya ta saurara har ƙarshe. Ruwan alwala na ɗiga daga gwiwar hannunta.

"Zuba wa awaki," ta ce. "Ki wanke ƙoren ki kife. Ki rufe ƙofa, muna hanya."

Ta ƙarasa alwalarta, ta wanke ƙafa sau uku uku ba ta rage ba, ta shimfiɗa sallaya ta ta da salla. Mairo ta tsaya bayanta ta yi tata, ba ta san raka'a nawa ta yi ba. Da sunka sallame ta matso da gwiwa.

"Ruƙayya, yankewa ta yi. Wallahi yankewa ta yi, birin nan ne. Cewa zan yi ke kinka fara hango ruwan..."

"Na sani. Ina tsaye kusa da ke, na ji ki."

"To kin gani..."

"Ba yankewar ta dame ni ba, Mairo. Farkon. Da biri bai zo ba, da kin ƙarasa, da an yi dariya. Da wa za a yi dariyar?" Ta naɗe sallaya. "Kuma tun yaushe kinka sani?"

Mairo ta dubi ƙasa. "Tun fitowarmu Dindir."

"Lokacin gyaɗa ke nan."

Hafsa ta tafa hannu. "Tun Dindir? Kina zaune kina kallon hanya ana yanka mata suna? Kai, Mairo! Na taka miki ƙafa ranar nan, sai da na taka miki ƙafa!"

Ruƙayya ta ɗauki sallayarta ta miƙe. Da anka zo shiga mota ta wuce ƙofar baya, ta taka taya, ta haye kan buhunan gawayi. Mato ya fito yana roƙo, Hajja ki sauko, rana ce, ƙura ce, mi mutane za su ce. Ta ce iska take so. Ta ja tobi ta rufe kai.

Daga Mai Wurno zuwa Sinnar, daga Sinnar zuwa Hajj Abdalla, Mairo na zaune ita kaɗai kujerar mutum biyu. In ta waiga, bayan Ruƙayya take gani ta gilashi, farin tobi na yin baƙi da garin gawayi. Ta danna waya ta yi bayani, da kuka, gaban Hafsa da Mato. Ta tura hoton ruwan da ta ɗauka a daji. Wata ta ce alhamdulillahi. Wata ta ce to. Sauran sunka yi shiru, irin shirun da Mairo ta san ana magana a wani wuri.

Bayan la'asar sunka shiga hilla. Ruƙayya ta sauka ƙofar gidanta ba ta waiwayo ba. Gidan su Mairo kuwa cike da mata, wai sun zo sannu da zuwa. Ta zauna gaban Iya ta nuna mata hoton, ta ce ga mayar, haka mutanen can ke ce wa ruwan.

Iya ta kai wayar kusa da ido, ta nisanta, ta sake kawowa. "Wanga ai tabki ne."

"Tabki ne, Iya."

"To ba ki da kalmar tabki a bakinki? Mi ya hana ki ce tabki?"

Sabah ta ce, "Ni dai abin da ban gane ba, in wasa ne mi ya sa kinka goge? Kuma ihun nan ba na wasa ba ne." Wata daga baya ta ce ko ma mi ne ne, kaffa-kaffa ba laifi ba ce, ai maganar ba yau ta fara ba. Mairo ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Hoto ba zai mai da su gindin dalbejiya ba. Magana zarar bunu ce, ita ta zara.

Kuma akwai abin da ya fi wanga nauyi, wanda ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Shekara goma sha takwas da sunka wuce, ɗanta Mujtaba ya kwanta zazzaɓi mai tsanani yana ɗan shekara tara. Ruƙayya ta damo kunun hulba mai zafi ta kawo har bakin gado. Tana fita Iya ta ce a zubar. Mairo ba ta yi gardama ba. Ta zaga bayan katanga ta tuttular, ta wanke kwanon, ta aika da shi da godiya, wai ya shanye tas. Duk shekarun nan tana cewa Iya ce ta sa ta. Ranar nan, da ta sa goshi ƙasa a sallar magariba, ta kasa faɗa wa Allah haka.

Da safe, rana ta ɗan ɗaga, ta leƙa. Ruƙayya ta fito. Tana zaune gindin dalbejiya kan kujerarta 'yar tsugune, ƙwarya biyu a gaba, faifai a rufe, kamar kullum. Mutane na wucewa ta ɗaya gefen hanya. Masu zuwa gona da sunka saba tsayawa sun tuna suna sauri.

Mairo ta ɗauki kwanon sha. Ta ce wa matar Mujtaba ta ba ta Rayan, ɗiyarsu 'yar shekara biyu. Surukar ta dube ta, ta dubi ɗakin Iya, sannan ta miƙo ta. Iya na zaune bakin ƙofa da tasbaha.

"Ina za ki da ita?"

"Shan fura."

"Ki tafi ke kaɗai in kin matsu. Ba da jinina ba."

Mairo ta durƙusa har ƙasa, da yarinya a kafaɗa. "Iya, shekara talatin ban taɓa tsallake maganarki ba. Ki gafarce ni, yau zan tsallake."

Ta fita. Ba ta bi ta lungu ba, ta bi ta gaban shago, ta gaban gidan Sabah, tana sallama da ƙarfi ko'ina don a fito. Anka fito kuwa. Kafin ta kai dalbejiya mata sun tsaitsaya bakin ƙofofi, wasu sun biyo ta daga nesa.

Ta tsuguna gaban ƙwarya ta aje kwano. Ruƙayya ba ta ɗago ba.

"Uwar Kausar, a zuba muna."

Mairo ta juya ga matan, ta ɗaga muryar nan da ta saba ba su dariya da ita.

"Ku ji da kunnenku, ba ta waya ba. Abin da na gani a daji tabki ne. Na san sunansa tabki, na ƙi faɗa, don in ba ku dariya da abin da na san yana yi wa matar nan ciwo. In akwai mai cin naman mutane cikin motar nan, ni ce, don malamai sun gaya muna wanda ya ci mutuncin ɗan'uwansa naman gawarsa ya ci. Ba yau na fara ba. Lokacin ciwon Mujtaba ta kawo mashi kunu, na zubar bayan katanga, na aika mata da ƙarya. Ban taɓa ganin komi gare ta ba sai alheri. Ga ni, ga jikata."

Rayan ta miƙa hannu tana son taɓa faifai.

Sannan Ruƙayya ta ɗago. Idonta a bushe.

"Na san da kunun," ta ce, ba da ƙarfi ba, amma an ji. "Kunu mai zafi ne. Ko gida ban kai ba kwano ya riga ni, a wanke. Da na zaga na ga kajinku sun taru bayan katanga."

"Kin sani? Shekara goma sha takwas?"

"Ɗanki na kwance. Na ce uwa ce, tsoro ne. Na bar wa Allah." Ta buɗe faifai, ta juya furar da ludayi. "Wancan na tsoro ne, Mairo. Na jiya na daɗin baki ne. Shi ya fi mini zafi."

Ta cika kwanon, amma ba ta sake shi ba.

"Nan za ki sha. Ba kai wa gida."

"Nan zan sha."

Mairo ta yi bisimilla ta kafa kai. Furar da sanyi, da ɗan yaji. Ta sha rabi, ta kara wa Rayan a baki. Yarinya ta riƙe kwanon da hannu biyu ta sha har ya zubo mata a wuya, ta sauke ta ce, "Ƙala."

Wani ya yi dariya daga cikin maza. Ruƙayya ta ƙara mata rabin ludayi, ta sa bakin tobinta ta share mata haɓa.

Hafsa ce ta fara isowa da babban kwano, tana faɗa tun daga nesa wai Malam ya ce a cika, hanya ta busar mashi da maƙogwaro. Bayanta wani tsoho mai zuwa gona ya tsaya. Sai wata mata, sai wata. Sabah ta koma gida ta ce ta bar tukunya a wuta. Matar mai shago ba ta zo ba, ranar nan ko bayanta. Ƙwarya guda ta ƙare kafin azahar, gudar ta kwana.

Mairo ba ta tashi ba. Ta zauna ƙasa gefen ƙwarya tana karɓar kwanoni tana miƙawa, ba wanda ya sa ta, ba ta kuma buɗe baki ba. Da rana ta take, Ruƙayya ta fara tattara kaya. Ta ɗora mai sauran furar a kai, ta dubi wadda ta ƙare, ta dubi Mairo.

"Ki daina yi mini zaman makoki a wurin sana'a, kina korar mini mutane. Ɗauko waccan."

Mairo ta goya Rayan, ta ɗauki ƙwaryar, ta bi bayanta.